Buhun dawar da na aika wa Kawu, da yadda shuka ke ƙirga dare

Ranar da na sauka daga mota a Walewale, a ƙarshen watan Oktoba, ko ruwa ban tsaya na sha ba, na hau babur zuwa ƙauyen Kawu. Tun daga nesa na hango gonar, don ba ta ɓuya. Gonakin maƙwabta duk sun nuna, zangarniya ta sunkuyo saboda nauyin ƙwaya, yara na ta kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. Tamu kuwa tana tsaye kore, ta fi kowace gona tsayi a wannan gefen, kara kamar gora. Amma ka ɗaga kai ka duba sama, babu zangarniya ko ɗaya. 'Yan tsirarun da suka ɗauki ciki ma, ganyensu ya fara naɗewa, saboda ruwan sama ya riga ya ɗauke, iskar hunturu ta fara leƙowa.

Na tarar da Kawu a bakin gona, zaune a kan kututture. Muka gaisa, ya tambayi mutan Kumasi ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da bai taɓa gani ba. Sai da ya gama sannan ya nuna gonar da haɓa, ya ce, “To, ɗana, ga dawarka.”

Bai ce dawarmu ba. Kuma da gaskiyarsa, domin ni na sayi irin, ni na sa shi a mota, ni na buga waya ina cika baki cewa na samo masa dawar da ba a taɓa gani ba a ƙauyen.

Na rubuta wannan ne domin na san ba ni kaɗai ba ne. Mu 'yan Zango da ke Kumasi da Ankara da Techiman, kusan kowa yana da wani a arewa da yake tallafa wa idan damina ta ƙarato. Muna aika kuɗi, muna aika taki, muna aika iri. Wannan na ƙarshen shi ne zai iya zama alheri ko ya zama asarar shekara guda, kuma da yawanmu ba mu san dalili ba.

Yadda aka yi na sayi irin

Mai karatu zai tuna da daminar 2024. Ruwa ya fara lafiya, sai kuma ya tsaya cak a watannin Yuli da Agusta, makonni ana duban sama. Farin ya taɓa jihohin arewa duka, ya gangaro har Bono ta Gabas da Oti. A ƙarshen Agusta gwamnati ta hana fitar da hatsi irin su masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙasashen waje.

Masarar Kawu ta ƙone a wannan fari, domin ya same ta daidai lokacin da take shirin goyo, kuma a wannan gaɓar masara ba ta da haƙuri ko kaɗan. Dawarsa kuwa ta tsira. Ta naɗe ganyenta kamar tabarma, ta daina girma, ta zauna jira. Da ruwa ya dawo sai ta warware ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Daga baya na fahimci abin da ke faruwa a irin wannan lokaci. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwa ke fita daga jikinta. Idan ƙasa ta bushe, wani sinadari da masana ke kira absisik asid yana ƙaruwa a jikin shukar, shi ke sa ƙofofin su rufe. Dawa ta ƙara da naɗe ganye don rage wurin da rana ke duka, ga saiwa mai yawa, ga wannan farin garin da ke jikin kara wanda ke shafar hannu, shi ma kariya ce daga bushewa. Wato shuka ba ta da ƙafar gudu, amma tana jin abin da ke kewaye da ita, tana kuma daidaita girmanta da shi.

To, da yake masara ta mutu, gidan Kawu kan dawa ya koma. Baki ya fi goma a gidan. Kafin bazara ta shigo, rumbu ya yi ƙasa, har damin da aka ware na iri aka sauke aka sussuke aka yi tuwo. Wanda bai taɓa jin kukan yaro da yunwa ba ne zai ga laifinsa.

Da ya gaya mini a waya, na ce ya kwantar da hankalinsa. Na je kasuwar hatsi ta Techiman, na zagaya, na ga wata farar dawa mai manyan ƙwayoyi, tsaf-tsaf, babu ƙwaro babu tsakuwa. Na ɗiba na tauna, na ji ta ƙosa. Na tambayi kuɗi, na yi ciniki, na biya. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: daga ina aka noma ta.

“Daga ina irin?”

Da na dawo Kumasi da baƙin ciki, na je wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake koyar da ilimin noma a sakandare. Na fara lissafa masa zato: ko an sayar mini da iri marar kyau, ko taki ne ya yi yawa, ko wata cuta ce. Ya bari na gama, sai ya yi mini tambayar da ban yi ba a kasuwa. Ya ce, “Malam, daga ina irin?”

Na koma Techiman na nemi mai hatsin. Mutumin kirki, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce daga ƙauyukan da ke kudu da Kintampo ake kawo masa ita, kuma shi abinci ya sayar mini, ban ce masa iri nake nema ba. Gaskiya ce, ban faɗa ba.

Tsakanin wancan yanki da Walewale akwai fiye da kilomita 200 daga kudu zuwa arewa. A can kudu ruwa yana kaiwa har cikin Nuwamba, a wajen su Kawu kuwa yana ɗaukewa tun cikin Oktoba. Dawar da na saya ta gāji lokacin garinsu, ta tafi da shi arewa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tana jiran lokacin da ta saba fid da kai, lokacin da a garinsu ƙasa ke da sauran danshi, a Walewale kuwa ƙasa ta riga ta tsage.

Abin tambaya shi ne, ta yaya dawa ta san wata? Ba ta da kalanda, ba ta jin sanarwar rediyo. Amsar tana manne a bangon masallatanmu, a jadawalin lokutan salla.

Duk mai lura ya san alfijir da magariba suna matsawa a cikin shekara. A Kumasi, ranar da ta fi tsawo, wajen 21 ga Yuni, tana kai kimanin awa 12 da minti 30 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mafi gajarta kuma a Disamba kimanin awa 11 da minti 45. A Walewale tazarar ta fi haka: kimanin awa 12 da minti 43 a Yuni, awa 11 da rabi a Disamba. Idan ka ƙara yin arewa tazarar sai ƙaruwa take. 'Yan'uwanmu da ke Landan sun ɗanɗana wannan a shekarun da azumi ya faɗo a Yuni, irin 2016, lokacin da rana ke wuce awa 16 a sama.

Mu a nan bambancin kaɗan ne, har ba ma damuwa da shi sai in ana jiran buɗa baki. Amma ruwan sama yakan yi wuri ko ya makara, zafi yakan sauya, tsawon dare kuwa na ranar kaza a wuri kaza ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara. Shi ya sa ya zama agogon da babu kamarsa. Dawar gargajiya ta Afirka ta Yamma da shi take aiki, kuma tana iya gane bambancin da bai kai rabin awa ba.

Waɗanda suka gano sirrin

Manoma sun daɗe da sanin cewa akwai dawar da ke da lokacinta, amma bayanin dalilin a kimiyyance ya fito ne a 1920, daga wasu ma'aikatan hukumar noma ta Amurka biyu, Garner da Allard. Wata irin taba ce mai suna Maryland Mammoth ta ɗaure musu kai. A gona kusa da Washinton takan yi ta tsawo duk lokacin zafi ba tare da fure ba har sanyi ya kashe ta, amma idan aka ajiye ta a ɗakin gilas sai ta yi fure a tsakiyar hunturu tana 'yar gajeruwa. Haka kuma wani irin waken suya da suke shukawa a ranaku daban-daban, sai ya tashi yin fure kusan lokaci guda. Suka gwada taki, suka gwada ruwa, suka gwada zafi, babu amsa. Daga ƙarshe suka riƙa shigar da tukwanen shukar cikin ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, su fito da su da safe. Nan take tabar ta yi fure a tsakiyar lokacin zafi.

Da na ji wannan labari sai na ga gonar Kawu a idona. Tsawo ba kai, shi ke nan.

A 1938 wasu masanan biyu, Hamner da Bonner, suka nuna cewa dare ne shukar ke aunawa. Sun yi aiki da wata ciyawa mai 'ya'ya masu ƙaya da ke maƙale wa tufafi kamar ƙarangiya. Idan suka katse mata rana da ɗan duhu, babu abin da ke sauyawa. Amma idan suka kunna mata fitila na ɗan lokaci kaɗan a tsakiyar dogon dare, sai ta ƙi yin fure, kamar daren bai yi tsawo ba. Abin da take bukata shi ne duhu mai ɗorewa wanda ba a yanke shi ba.

Wane sashe na shukar ke yin wannan awo? Ganye ne. Wani masani na Tarayyar Sobiyet, Mikhail Chailakhyan, ya nuna a 1936 cewa idan ganye ya sami tsawon daren da ake bukata, yakan aika saƙo zuwa kan tsiron, inda fure zai fito. Ya raɗa wa saƙon suna filorijen, amma bai iya kama shi ba. An shafe kimanin shekara 70 ana nema, sai a 2007 masu bincike a Jamus da Japan suka tabbatar cewa wani ƙaramin furotin ne da ake ƙerawa a ganye, ya bi jijiyoyin da ke ɗaukar abinci har ya isa saman shukar.

Idon da ganye ke ganin haske da shi kuma an gano shi a 1959, a cibiyar binciken noma ta Beltsville da ke jihar Maryland. Sinadari ne da ake kira fitokurom. Yana da kama biyu: jan hasken da ke cikin hasken rana yana juya shi zuwa kama ɗaya, a cikin duhu kuma yana komawa ɗayar a hankali. Da wannan, tare da wani agogo na cikin jiki da ke zagayowa kusan kowace awa 24, shuka ke sanin ko dare ya kai.

Wannan idon dai shi ne ke sa shuka ta san tana da maƙwabta. Ganye yana shanye jan haske, ya bar wani nau'in haske da idonmu ba ya gani sosai ya wuce. Shukar da ke cikin cunkoso tana jin wannan sauyi, sai ta miƙe tana neman sama, ta yi siriri, ta rage 'ya'ya. Shi ya sa manomi ke rage shuka a rami bayan tsiro, ko da bai taɓa jin sunan sinadarin ba.

Kuma tun da fitila na iya yanke dare, manoman waken suya a Amurka sun san cewa layukan da ke ƙarƙashin fitilun babbar hanya sukan zauna kore bayan sauran gonar ta bushe. Yanzu da fitilu masu aiki da hasken rana ke shiga ƙauyukanmu, wanda ke da gonar waken suya a gindin irin wannan fitila ya riƙa lura.

Abin da ke faruwa a cikin karan dawa

A can tsakiyar dawa, a ɓoye cikin ganyen da ke naɗe, akwai wani ɗan wuri ƙarami inda duk sabon girma ke fitowa. Tun daga tsiro aikinsa ɗaya ne, ƙera ganye bayan ganye, kowane ganye da gaɓarsa. A makonnin farko ƙaramar dawa ba ta kula da tsawon dare. Da ta wuce wannan ƙuruciya sai ta fara saurare. Ranar da saƙo ya iso daga ganye, wurin nan ya daina ƙera ganye ya fara ƙera zangarniya. Daga nan zuwa fid da kai akwai wata ɗaya da 'yan kwanaki, daga bununi zuwa ƙosawar ƙwaya kuma wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Idan saƙon ya makara, ganye da gaɓa sai ƙaruwa suke. Tsayin da muka riƙa yabawa a gonar Kawu a watan Satumba, har ana aiko mini da hoto ina nuna wa mutane a shago, ashe alamar jinkiri ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Masana sun gano ƙwayoyin gādo da ke riƙe da wannan lokaci a dawa. Babbar cikinsu ana kiranta Ma1, kuma a 2011 masu bincike a jami'ar Texas A&M suka bayyana yadda take aiki. Kamar birki take. Muddin hasken yamma yana riskar wani lokaci da agogon cikin shukar ya tsayar, birkin na nan a take, saƙon fure ba ya fita. Idan dare ya ƙara tsawo har wannan lokacin ya faɗa cikin duhu, birki ya saki. Kowane iri da inda nasa birkin ke saki. Zafi ma yana da nasa tasiri wajen saurin girma, amma a dawar gargajiya dare ne ke ba da izini.

Amurkawa sun sha irin wahalar Kawu. Dawar Afirka da suka kai Teksas takan yi ta tsawo a dogayen ranakun zafinsu, ba ta fid da kai sai sanyi ya kusa kashe ta. Shi ya sa tun 1963 suka kafa wani shiri na musamman na juya irin dawar ƙasashe masu zafi zuwa gajeru waɗanda ba su damu da tsawon dare ba, domin su iya amfani da su.

A yankinmu kuwa, binciken da ya fi shahara an yi shi ne a Samaru ta Zariya. A 1968 wani mai bincike, Curtis, ya wallafa abin da ya gano game da dawar gargajiya ta Najeriya: lokacin fid da kan kowane iri ya dace da lokacin ɗaukewar ruwa a yankin da ya fito. Irin can arewa na fid da kai da wuri, irin kudu na jinkiri. Ka kai na kudu arewa, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. Ka kai na arewa kudu, ya fid da kai ana tsakiyar ruwa, ƙwaya ta yi funfuna ta yi baƙi, tsuntsaye kuma su taru a kansa tun da shi kaɗai ya nuna a yankin.

Zangarniyar Inna

Akwai sauran labari. Yayar mahaifiyata, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a gidan Kawu tun rasuwar mijinta. Lokacin da ake sauke damin iri don a yi tuwo, ashe ta zare 'yan zangarniya ta rataye a saman murhu inda hayaƙi ke bugu, ba ta gaya wa kowa ba. Sai da aka gama shuka babbar gona da kusan mako uku sannan ta sa jikoki suka shuka mata nata a ɗan fili bayan gida.

Dawar Inna ba ta yi tsawo ba. Kusa da tawa kamar ƙanwa take. Amma da lokaci ya yi, ta fid da kai tare da ta maƙwabta waɗanda suka riga ta shuka, ta ƙosa da sauran danshin ƙasa da raɓa. Da na je gaishe ta, ta miƙo mini zangarniya ɗaya ta ce, “Ungo, ɗan birni. Wannan ta san gida.”

A nan hikimar take. A yankinmu farkon damina ba shi da tabbas, wata shekara a yi shuka a Mayu, wata shekara sai ƙarshen Yuni, wani lokacin ma a sake shuka sau biyu. Ƙarshen damina kuwa ya fi tsayawa wuri ɗaya. Dawar da ke bin tsawon dare tana shanye wannan rashin tabbas: in an shuka da wuri ta yi tsawo ta ba da kara mai yawa, in an makara ta taƙaita, amma fid da kai yana nan a lokacinsa. Kuma da yake duk ƙauye ke nuna tare, ɓarnar tsuntsu da ƙwari tana rabuwa a kan kowa. Kakanninmu ne suka gina wannan, shekara bayan shekara, ta hanyar zaɓen zangarniyar da ta fi kyau a ajiye.

Ba su kuma dogara da dabara ɗaya ba. Bahaushe ya raba gero da maiwa. Gero ɗan wuri ne, kwanakinsa yake ƙirgawa, ya nuna tun ana tsakiyar damina ya kori yunwa, kamar naara da ake nomawa a wajajen Bolga da Bawku. Maiwa kuwa dare take jira, sai kaka. Haka wake: akwai na gargajiya mai yaɗo da ke jiran ƙarshen damina ya ba da ƙwaya da harawa, akwai kuma ɗan wuri da ke nuna cikin kimanin wata biyu.

Kada a ce ina kushe sabon iri. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ta fitar da irin dawa 'yan wuri kamar Kapaala da Dorado, kuma suna da amfaninsu, musamman inda damina ke gajarta ko aka makara da shuka. Sai dai a san halinsu. Su kwana suke ƙirgawa daga ranar shuka, don haka nauyin lissafi ya dawo kan manomi. In ya shuka da ruwan farko kamar yadda ya saba da ta gargajiya, za su iya nuna ana tsakiyar marka, ƙwaya ta lalace. Dole ya ƙirgo baya daga lokacin ɗaukewar ruwa, ya tambayi malamin gona ranar da ta dace. A Mali ma masu bincike sun daɗe suna aikin haɗa yawan amfanin sabon iri da wannan hali na bin dare da ke cikin na gargajiya, domin sun ga ba abin yarwa ba ne.

Kafin ka aika iri gida

Ga abin da na koya, da tsada na saye shi.

Hatsin ci daban, iri daban. Buhun da ke kasuwa zai iya fitowa daga ko'ina, wani lokacin ma gauraye ne na garuruwa da yawa. Kyan ƙwaya ba ya gaya maka lokacin da uwarta ta fid da kai.

In dole sai an nemi irin gargajiya a waje, a nema a ƙauyukan da ke kusa, waɗanda ruwansu ke ɗaukewa lokaci guda da namu. Tafiyar gabas ko yamma ta fi sauƙin haɗari a kan tafiyar kudu ko arewa. A tambayi mai shi: a ina aka noma, a wane wata take fid da kai, a wane wata ake yanka.

Baƙon iri kuma, komai kyansa, a fara gwada shi a 'yan kunyoyi kaɗan shekara guda. Da haka muka yi, da asarar Kawu ba ta wuce kwano biyu ba.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi zama mini darasi: in ɗan'uwa ya kira a bazara ya ce rumbu ya yi ƙasa, abin da ya fi bukata shi ne abinci, tun kafin hannu ya kai ga damin iri. Da buhun nan nawa ya isa wata biyu kafin lokacin, a matsayin na tuwo, da irin da Kawu ya gāda daga mahaifinsa yana nan cikakke. Akwai rumbun adana iri na ƙasa a Bunso, amma irin ƙauyenku, babu mai riƙe muku shi kamar tsohuwar da ta rataye shi a saman murhu.

Kawu bai sami ko dami biyar na kirki ba a babbar gonar. Karan dai ya yi amfani, an yi danga, an gyara rumfa, dabbobi sun ci ganye. Ni da 'yan'uwana muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka cike masa rumbu. Dawar Inna kuwa ba a ci ko ƙwaya ɗaya ba. An ɗaure ta duka, an rataye, Kawu da kansa ya ce duk wanda ya taɓa ta shi da shi ne.

Ranar da zan dawo, bayan sallar asuba, ya rako ni har bakin hanya. Na sake ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce, “Haba ɗana, niyyarka ai mai kyau ce. Baƙuwa ka kawo mana, ba ta san lokacin tashinmu ba.” Sai ya ƙara da cewa in zan sake aiko da wani abu, in aiko da taki da gishiri, iri kuwa a bar wa Inna.

Malamanmu kullum suna jan hankalinmu mu yi tunani a kan yadda dare da rana ke musayar tsawo. Ni dai sai da na yi asarar gonar mutum guda sannan na san cewa har dawa tana cikin masu lura. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.